Gwangwanin Notuna

Mai Fitila ya ɗaga tocilar daidai kafaɗarsa, ya sake ta. Ta daki simintin shagon, ta yi tsalle, ta gangara ƙarƙashin benci tana ta haskawa abinta.

"Kin gani ko?" ya ce wa matarsa. "Wannan ita ce tocila. Sauran duk kwalliya ce."

Matar tana tsaye a bakin ƙofa da jakar cefane, 'yarsu ta maƙale a gefenta. Aku ake ce wa yarinyar, don tun da ta koyi magana ba ta ba bakinta hutu ba. Shekararta biyar, kuma kwanan nan ta tsiro da tsoron lungun da ke tsakanin ɗaki da banɗaki. Da an ɗauke wuta sai ta matse fitsari har ya ƙwace mata. Shi ne uwar ta ce a nema mata tocila tata ta kanta.

In dai maganar fitila ce, ba a koya wa Mai Fitila. Shekara ashirin da biyu ke nan yana wannan shago, kuma zaɓen da ya yi wa 'yarsa a ranar zaɓen gwani ne. Ya ajiye ta ƙarfe gefe, ya ce tana zafi kuma za ta fasa wa yarinya ɗan yatsa in ta faɗo. Ya ajiye mai tsananin haske, don ya san ba abin da yaro zai fara haskawa sai cikin idonsa. Ya tsaya a kan wata rawaya mai jikin roba, mai manyan batura biyu. Ya sa dogon farcen babban yatsansa, wanda yake tarawa musamman don wannan aiki, ya yi ta ƙoƙarin ɓamɓare murfin batirin. Murfin ya ƙi, don ɗan noti ne ya riƙe shi. Ya ɗauko sukundireba ya ƙara ɗaure notin tamau.

Aku kuwa idonta yana can sama. A igiyar da ta ratsa gaban shagon akwai 'yan tociloli masu siffar kifi, ja da kore da shuɗi, kowane yana fitar da wuta ta baki.

"Baba, kifi nake so."

"Wannan ba naki ba ne."

"To na wane ne?"

"Na masu saye," ya ce yana dariya, ya damƙa mata rawayar.

Kifayen nan su ne kasuwar shekarar. A kwali suke zuwa, batirinsu dabam, 'yan ƙanana masu faɗi da sheƙi kamar maɓallin riga. Kowane kifi yana da noti a murfin cikinsa, bai kai ƙwayar shinkafa ba. To mai saye ba ya haƙuri, yana son ya ga wuta kafin ya sa hannu a aljihu, kuma in batir ya ƙare ba ya son neman sukundireba. Don haka duk safiyar da kwali ya iso, Mai Fitila yakan zauna ya kwance notunan gaba ɗaya, ya zuba batura, ya danna murafun su ce ƙas. Haka kowa yake yi a layin. Bambancinsa da su kawai, shi ba ya yar da komai, sai ya riƙa jefa notunan a wani tsohon gwangwanin madara da ke ƙarƙashin kanta.

* * *

Ba a yi kwana uku ba sai ga maƙwabciyarsu, mai ɗinki, ta shigo da tef ɗin awo rataye a wuyanta. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata ba a gan shi ba. 'Yarta ɗaya, shekara uku, mai shiru-shiru da manyan idanu. Kurciya ake ce mata, kuma duk inda Aku ta sa ƙafa nan take sa tata.

"Baban Aku, ka jawo mini rigima," in ji mai ɗinki. "Tun da ta ga tocilar yayarta ba ta bar ni na taka keke ba. Ba ni irin ta Aku."

Irin ta Aku ta ƙare, sai wani sati. Mai Fitila kuma ba ya son mai saye ya fita hannu biyu. Ya miƙa hannu ya tsinko jan kifi, ya danna, bakin ya kawo wuta. Kurciya ta yi murmushi har haƙoranta suka fito.

"Ai yara wannan suka fi so."

Matar ta jujjuya kifin a hannu. "Ba wata matsala dai ko? Ka san komai ta samu sai baki."

"Haba, Maman Kurciya. Ni ne fa."

Da ta ji haka sai ta saki ranta. Shi ma bai ji komai ba, don a ganinsa ba ƙarya ya yi ba. Ya sayar da ɗaruruwa, ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi.

* * *

Ranar Laraba da azahar matarsa ta kira shi a waya. Kurciya ta ƙi cin abinci tun safe, yawu yana ta zuba daga bakinta, yanzu kuma ta yi amai da jini. An tafi asibiti.

Ya tarar da matarsa da Aku da mai ɗinki a wani dogon baranda mai warin magani. An riga an shiga da Kurciya. Mai ɗinki tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, zare har yanzu manne a rigarta. Sai bayan la'asar likita ta fito, wata doguwar mata mai farin gilashi, riƙe da hoton ƙirji. Ta ɗaga shi ga hasken taga. A tsakiyar ɗan wuyan akwai wani farin abu, zagayayye sak.

"Batir ne, mun ciro shi," ta ce. "Amma ya daɗe a ciki, ya ƙona mata maƙogwaro. Za ta rayu, in Allah ya yarda. Abinci sai ta roba zuwa wani lokaci. Murya kuma sai mun gani."

Ta tambaya daga ina batirin ya fito. Mai ɗinki ta laluba jaka ta ciro jan kifin, cikinsa a buɗe. Likita ta duba murfin, ta nuna wani ɗan rami da bakin biro.

"Ai irin wannan da noti take zuwa. Ga wurinsa nan. Wa ya kwance?"

"Haka na saye ta," in ji mai ɗinki.

Da Mai Fitila ya yi shiru, da maganar ta mutu a nan. Sai a zagi kamfani, a zagi masu shigo da kaya, kowa ya kama gabansa. Ya san haka sarai. Amma ya san notin nan, ya san inda yake kwance a wannan lokacin, kuma kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba.

"Ni ne," ya ce. "Ni na kwance."

Mai ɗinki ta ɗago ta dube shi. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Da ta yi, da ya fi samun sauƙi.

"Baban Aku," ta ce a hankali, "na tambaye ka fa."

A hanyar gida Aku tana biye da shi. Sai da suka kai ƙofa ta ja hannunsa. Tocilarta rawaya tana rataye a wuyanta.

"Baba, me ya sa ba ka ba ta irin tawa ba?"

Mai Fitila ya tsaya yana laluben mabuɗi, alhali yana hannunsa.

* * *

Washegari bai jira shawarar kowa ba. Ya sauke igiyar kifayen gaba ɗaya, ya zauna ya mayar wa kowane notinsa. Sannan ya rufe shago, ya sa gwangwanin a aljihun riga da sukundireba, ya shiga layin 'yan kasuwa.

"Ku mayar da notunan nan," ya ce musu. "Na ga abin da suke yi da idona."

Mai shagon kusa da shi ya yi hamma. "Allah ya ba ta lafiya. Amma kai ma ka cika ɗora wa kanka. Mu muka haifa musu? Kowace uwa ta kula da ɗanta."

Bai tsaya jayayya ba. Ya bi gidajen da ya tuna ɗaya bayan ɗaya: gidan mai aski, gidan malamar makaranta, gidan tsohuwar da ta saya wa jikokinta uku. Yakan yi sallama, ya ce a kawo kifin yara, ya tsuguna a bakin ƙofa ya ɗaure notin, ya gwada da farcensa. Wasu suka yi godiya, wasu suka ɗauka wani sabon salon talla ne. A wani gida aka kawo masa kifi ba murfi ba batir, uwar ta ce ai tuni yaran suka watsar, ba ta san inda suka faɗa ba. Ya sa aka share ɗakin a gabansa har aka samo batura biyu cikin ukun da kifin yake ɗauka. Na ukun bai fito ba.

Kwana biyu yana wannan yawo. Gida goma sha tara ya shiga, kuma nan iyakar saninsa ta tsaya. Sauran masu sayen 'yan wucewa ne, waɗanda suka sauka daga mota suka tsinki kifi suka koma, ba suna ba unguwa.

A rana ta uku da hantsi yana ɗaga ƙofar shago sai wani babur ya gifta. A bayansa wata mata ce goye da yaro, yaron ya riƙe shuɗin kifi da hannu biyu yana tsotsar wutsiyar. Mai Fitila ya saki ƙofar ya bi su da gudu, yana ɗaga sukundireba yana kiran baiwar Allah. Matar ba ta waiwayo ba. Babur ɗin ya kutsa tsakanin motoci biyu, ya sha kwana.

Ya dawo yana haki, takalminsa ɗaya a hannu. Ya ciro gwangwanin daga aljihu ya ajiye a kan kanta. Da ya girgiza shi, sai ya ji ko rabi bai ragu ba.