Kurmin Bayan Gidan Baiwa

Ƙarar injin ce ta sa Baiwa ta saki taɓarya. Ba irin ta babur ba ce, wadda yanzu kowa a ƙauyen yake ganewa tun daga nesa. Wannan kuka take kamar an taka wutsiyar kare. Da ta leƙa ta kan katanga, sai ga autanta Yusha'u rungume da injin yankan itace, ya kafa shi a gindin kanya.

Gidanta ne na ƙarshe kafin kwazazzabon da ruwa ke bi da damina. Tsakanin katangarta da bakin ramin akwai ɗan kurmi na kanya da marke da tsamiya. Tun tana amarya hukuma ta shafa wa itatuwan jan fenti, ta ce ko reshe ba a sara, don saiwarsu ce ke riƙe da gaɓar. Marigayi mijinta har kwana ya taɓa yi a kulle a Safana saboda reshen da ya sara don ƙotar fartanya.

"Auta! Mi kake yi haka?"

"Inna, ki koma ciki. Shawarar gari ce."

Ta san shawarar. Tun da ɓarayin daji suka kore shanun gari, magana ta tsaya a kan cewa kurmin ne maɓoyarsu. Aka faɗa a majalisa, aka maimaita a ƙofar masallaci, har ta zama kamar aya. Ita kuwa da idonta ta ga shigowarsu, da rana tsaka, ta hanyar Runka, goyo a kan babura. Wanda ya zo haka, me zai yi da maɓoya?

Alhaji Nurain, dillalin gawayi daga Batsari, yana jingine da a-kori-kurarsa. Shi ya kawo injin da mai, wai fisabilillahi.

"Iya, ai rai ya fi itace," ya ce yana murmushi.

"Haka ne, Alhaji. Buhunan nan na bayan motarka fa, masu ɗaurin shuɗiyar igiya, su ma na tsaron rai ne?"

Wasu samari suka tuntsire da dariya. Injin ya sake ɗauka, ya haɗiye dariyar.

* * *

Washegari ta hau mota zuwa Safana, ta nemi malamin daji, wani matashi mai ladabi da ake kira Zaharaddeen. Ya gaishe ta har ƙasa, ya saurare ta tsaf.

"Doka na nan, Iya. Ba wanda ya soke ta."

"To, tashi mu je, ɗana. Rabin kurmin ya rage."

Ya dubi taga. "In na hana yau, gobe aka kawo hari, wa za a ce shi ne infoman ɓarayi? Ina da ƙananan yara, Iya."

Ba ta musa masa ba, tsoronsa na gaskiya ne. Sai dai da za ta fita, ta ga buhun gawayi a bayan ƙofa, bakinsa ɗaure da shuɗiyar igiya. Ta gyara mayafinta, ta ce a gaida mutanen gida.

Labarin tafiyarta ya riga ta isa ƙauye. Matan da ke bakin rijiya suka amsa sallamarta da rabin baki. Yusha'u ya same ta a tsakar gida, ya durƙusa.

"Inna, don Allah ki bari. Cewa ake mi ya haɗa tsohuwa da kurmi, in ba abinci take kai wa ɓarayi ba. Kin san yadda aka yi da wanda aka zarga da haka a garin can."

Ta sani. Ta dubi katangar da mijinta ya gina, ta dubi ɗanta. Daga ranar ba ta ƙara tada maganar kurmin ba. Hayaƙin ramukan gawayi ya yi ta shigo mata ɗaki har aka gama.

* * *

Ruwan farko mai ƙarfi ya tafi da turken akuyarta. Na biyu ya ci hanyar da take bi zuwa gona, ya bar wa katanga tsaga da ɗan yatsa ke shiga. Alhaji Nurain bai sake zuwa ba, an ce yana wani ƙauye da injinsa. Ɓarayin kuwa sun dawo, da rana, ta hanyar Runka.

Yusha'u ya wuni yana ɗura yashi a buhunan da Alhajin ya bari, yana jerawa a bakin gaɓa, ba ya yarda su haɗa ido. A ƙasan ramin, kututturen kanya na kwance, saiwa a sama, guntun jan fentin na leƙowa daga laka.

Kowace safiya Baiwa kan kwantar da taɓarya tsakanin katanga da bakin rami. Jiya ta kwanta daidai. Yau da ta ajiye, kan taɓaryar ya leƙa cikin rami.

Ta ɗauke ta a hankali, ta share lakar da gefen zaninta. Babu sauran itacen da zai tare mata gabas, don haka tun daga nesa ta ga hadarin yana haɗowa.