Ranar da Aka Hana Ni Shara

...kuma wai kada in taɓa tsintsiya. Haka Callum ya ce jiya a waya, daga can tsakiyar teku inda suke haƙar mai. Mama, don Allah ki bar gidan yadda yake, ki bari matar da za ta zo ta gani da idonta. Ɗan da na haifa ne yau yake koya mini zama cikin ƙazanta. Kana ji, Murdo, mijina? Ina fa za ka ji. Kana kwance bayan coci, iska na kaɗa ciyawa a kanka, ka huta abinka, ka bar ni da...

Zanin gadon jikarmu Morven yana nan a ƙasa inda na yar da shi da safe. Jiƙe sharkaf. Zarnin ya iso har kicin. Hannuna sai ƙaiƙayi yake yi, na cusa shi a aljihu, ya fito, na sake cusa shi. Ni Nettie Geddes, da matan layin nan suke leƙen dokin ƙofata su koma su sake wanke nasu.

Yau matar ofishin tallafi za ta zo ta sake duba maganar jikarka. In ta rubuta abin da ya kamata, za a ƙara kuɗin, a samu mai kwana da mu, a kawo ƙarfen nan da ke ɗaga mutum daga gado. In ba ta rubuta ba — sai a kai Morven garin Elgin. Gidan nan na masu jinya. Callum har ya je ya gani, wai akwai lambu. Lambu. Wa zai san ba ta shan shayi sai ya huce? Wa zai san in ta juya kai hagu sau biyu, ciwon farfaɗiyar ne ke tahowa?

Ba za ta je ba. Ina numfashi ba za ta je ba.

To amma ƙugun nan nawa...

Wancan mutumin ne ya jawo duk wannan. Na farkon, wanda gwamnatin kudu ta turo tun kafin a dawo da harkar tallafin hannun namu na nan arewa. Ya shigo da jiƙaƙƙen takalmi, bai ko goge a tabarmar ƙofa ba. Baƙo zai zo gidana, me ake so in yi? Na wanke tagogi. Na dirje ƙasa a durƙushe. Na fiddo kofunan aurenmu, masu bakin zinariya, waɗanda kai kanka ban taɓa barinka ka sha da su ba. Na toya biskit mai man shanu. Na yi wa Morven wanka, na sa mata shuɗiyar rigarta, na zaunar da ita a keken guragunta kusa da taga kamar amarya.

Ya ce, tana ci da kanta? Na ce tana ci. Ai ta taɓa kai cokali baki, na gani da idona. Tana barci? Na ce kamar jaririya. Ke fa, yaya kike fama? Na ce ba mu da abin kuka, muna lallaɓawa.

To me zan ce? Me ake cewa baƙo? A garin nan matar da jirgin kamun kifin mijinta bai dawo ba, in ka gamu da ita a shagon burodi ka tambaye ta, ba laifi za ta ce maka, ta wuce da jakarta. Haka uwata ta yi. Haka tata uwar. Ni ban yi ƙarya ba, tarbiyya na nuna. Shi ne bai da ido. Da ya dubi hannuna... da ya ce bari in ga ɗakin wanka... Ya cinye biskit ɗin, ya ce gida tsaf, ya danna abin da ya danna a na'urarsa, ya tafi. Aka yanke tallafin ya koma na wadda ke iya wa kanta.

Tukunyar kunu tana kallona. Ta bushe a gefe-gefe. In na zuba mata ruwa kawai, ai ba wanki ba ne, ko? Jiƙawa ce... A'a. Bar ta, Nettie.

Sai aka ce mana an karɓo abin daga hannun na kudu. Yanzu namu ne za su riƙa duba namu. Na sa kwat ɗina na coci na je na jefa wa namun ƙuri'a, cikin ruwan sama, ina tura keken da hannu ɗaya. Na ce to, yanzu akwai wanda zan riƙe wa wuyan riga. Ina? Na buga wa na kudu waya, suka ce ai kun bar hannunmu. Na buga wa namu, wata yarinya mai zaƙin murya ta ce su abin da aka miƙo musu shi suka ɗora a kai. Na je wurin yaron ɗan majalisa, ya ba ni shayi a kofin takarda, ya ce ana dubawa. Wa ke dubawa? Me sunansa? Ɗan gidan waye? A rumfar kifi inda na ƙare ƙuruciyata, in akwatin kifi ya lalace, an san teburin da ya fito, a kira ki gaban kowa. Nan kuwa kiɗa suke sa miki a waya har kunnen ya yi zafi, kowa na ba ki haƙuri, ba wanda ya yi laifi. Haƙuri ba ya ɗaga yarinya daga baho.

Yanzu ga namun nan tafe. Ka san ko wace ce? Kirsteen. 'Yar Ina Cowie. Ina Cowie dai da ka sani, wadda muka yi shekaru kafaɗa da kafaɗa muna feɗe kifi, wadda shanyarta ba ta taɓa yin farin tawa ba, kuma ta sani. 'Yarta ce za ta zauna a kujerarka ta shaƙi wannan zarnin.

Yarinyar kirki ce, ban ce ba. A waya ta ce, Goggo Nettie, ba ranar daɗi nake so ki ba ni labari ba, ranar da ta fi kowace muni nake so, kuma duk abin da kika faɗa tsakaninmu ne. Tsakaninmu. A garin nan namu, Buckie. Inda in ka yi atishawa a bakin tashar jiragen ruwa, kafin ka kai gida an kawo maka magani. Ko ba ta faɗa ba, ran Lahadi zan ga idon Ina a coci, in kasa sanin ko ta sani. Gara ma baƙon. Shi ya tafi da fuskarsa.

Ranar da ta fi muni... wacce daga ciki?

Ranar nan da nake fiddo Morven daga baho, ruwan famfo yana zuba. Ƙafata ta zame. Ban ma ji faɗuwar ba, sai nauyinta a kan ƙirjina, jikinta tsirara, santsin sabulu, ba inda zan riƙe. Ruwan ya huce, ya yi sanyi, ya fara bin ƙasa yana shiga kunnena. Ina cewa tashi, Nettie, tashi, ƙugun ya ce ba da ni ba. Ita kuma da hannunta mai motsi tana shafa fuskata. Kaka... sannu... Kaka. Ita ke yi mini sannu. Hasken taga ya tashi daga wannan bango ya koma wancan muna nan kwance. Da maƙwabciya ta ga tabon, na ce ƙofa ce ta buge ni.

Wannan zan faɗa?

Ko in naɗe hannun riga in nuna mata shatin haƙora, na lokacin da ciwon ya kama ta? Ko in ce tana ɓata jikinta, mace baliga, ni ke share ta? Ko — wannan ko kai ban gaya wa ba — akwai lokacin da take kira, Kaka, Kaka, ni kuwa ina zaune a kan matakala na toshe kunnuwana da tafin hannu, ina cewa bari in ƙirga numfashi kaɗan tukuna, kaɗan kawai...

Kuma a gabanta. Nan ne ƙashin yake maƙale mini. Kirsteen ta ce dole Morven ta kasance a wurin, wai maganarta ce, haƙƙinta ne. Sabuwar doka, ta mutunta mutane. Suna tsammani ba ta ganewa? Harshen ne mai nauyi, kan garau yake. Tana jin komai. Tun ranar da uwarta Shona ta ajiye mini ita a cinya ta ce Mama zan dawo, ba ta dawo ba sai a akwatin gawa, ban taɓa bari yarinyar nan ta ji kalmar nauyi daga bakina ba. Likitoci suka ce ba za ta yi nisa ba. Na ce ku zuba ido. Kullum ina ce mata ke ce sarauniyar gidan nan, ni 'yar aikinki ce, ta yi dariya har ta shaƙe. Yau in zauna ina lissafa wa 'yar Ina irin wahalar da take ba ni, tana kallon bakina?

In na yi shiru, su ɗauke ta. In na yi magana, ta ji. Wane ne ya zauna ya tsara abu haka? Ina son in gan shi. Ba zan zage shi ba. Zan miƙa masa zanin nan kawai in ce riƙe.

Shiru ya yi yawa a ɗakinta.

Ba ta yin shiru haka. Ko ciwon ne — ƙafa, taimake ni, bango, riƙe ni — Morven? 'Yar nan?

Tana zaune. Lafiyarta lau. Ta jawo keken har gaban madubi, ban san ta yaya ba. Mataji a hannunta. Matajina, na kan teburi. Ta taje gefe ɗaya na kanta, ya kwanta luf, ɗaya gefen yana nan a hargitse inda hannun ba ya kaiwa. Ta goge yawun haɓarta da kanta. Goshinta duk gumi. Shekara nawa ina kama hannun nan ina bi da shi cikin gashi, ina cewa ba a karɓar baƙo da kai a birkice, shekara nawa, bai taɓa yi ba... sai yau?

"Baƙuwa, Kaka," in ji ta. "Na yi... kyau?"

Ƙarar rufe ƙofar mota a waje.

Kirsteen za ta gani. Za ta ce kai, Morven, ke kika yi da kanki? Za ta rubuta. Dole ta rubuta, aikinta ke nan. Tana iya gyara kanta.

Yatsu biyar kawai. In cusa su cikin gashin in hargitsa, kafin a buɗe ƙofa. Ba wanda zai sani sai ni da ita.

Sai ni da ita.

Tana miƙo mini matajin, in ƙarasa mata ɗaya gefen. Hannuna ya tashi, yana kan kanta, gashin da ɗumi, ban san abin da zai yi ba, Murdo, ban san me na aike shi ba... ana ƙwanƙwasawa... ina zuwa, 'yar Ina, ina zuwa... bari in ɗan tsaya haka tukuna.