Bishiyar Balki a Saman Bene

Ranar Talata, goma ga Satumba, 2013, matata Balki ta rasu, ta bar mini bishiya a cikin rabin ganga.

Shekara biyu kafin nan ta kai ta saman benen da muke haya a unguwar Abbasiya, a Alƙahira. Nata'ala, ɗan garinmu mai kula da lambun wani jakada a Zamalek, shi ya ba ta dashen. Turawa na kiranta holi. Ganyenta kore shar ne, rani da damina, yana sheƙi kamar an shafe shi da mai, ƙaya a kowane gefe.

Na buɗe littafi, don abin da na iya ke nan.

"Itacen ƙasar sanyi ne," na ce. "Zafin Alƙahira zai gama da ita kafin azumi."

"Tamam, Malam. Miƙo mini butar."

Ta yi mata rumfa da tsohon zanenta. Ganyen shayin da muka sha, a gindinta take juyewa. Bishiya ta ƙi mutuwa. Na koma littafi na samo wata hujjar: wannan bishiyar mace ce, ba ta yin 'ya'ya sai da namiji a kusa, namijin kuwa yana Zamalek, bayan kogi da masu gadi.

"Ƙudan zuma ne zai hau jirgin metro ya kawo miki garin furen?"

"Ni zan hau."

Ta hau ɗin. A watan Afrilu ta dawo da reshe mai fure naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle. Da tsinken da take saka kwalli ta riƙa ɗibar garin furen, tana bin furannin tata bishiyar ɗaya bayan ɗaya.

Wata biyar tana cewa, "Malam, hau ka gani." Ina cewa gwiwata na ciwo. Gwiwata lafiya lau.

Bayan rasuwarta Nata'ala ya riƙa zuwa yana ba bishiyar ruwa. A Disamba ya ce zai koma gida, ya tilasta mini hawa. 'Ya'ya jajur, curi-curi, har rassan sun sunkuya.

"Wallahi ko a gidan jakada ban ga irin wannan ba," ya ce. "Ni rayar da ita kawai na yi. Sauran, kai ka zauna da mai hannun. Yaya take yi?"

Shekara talatin ina yi mata gyara, ban taɓa cewa "Balki, koya mini" ba.