Takalman Kansila

Ni ne Gwadabe na Babaji, mahauci ɗan mahauci, haifaffen Ƙofar Durbi. Agana ta shiga gidanmu ta kwantar da mu yara tara, ni kaɗai na tashi, ga zanenta nan a fuskata. Bijimi ya ɗaga ni sama sau biyu a wasan hawan ƙaho: na farko ya karya mani haƙarƙari uku, na biyun kuwa shi aka ci a tuwon yamma. Babban farin nan da ya ƙarar da shanu, mahauta da yawa suka koma dako, ni ban ajiye wuƙata ba. Ban taɓa zama aji ba, allo ma ban yi nisa ba. Amma in rawar kalangu ake magana, a tambayi duk wanda ya yi furfura a Katsina.

Duk wannan bai taɓa hana ni cin abinci ba. Abin da ya hana ni ci, shekarar da soja suka koma bariki ya same ni.

A wajenmu kowane gidan fawa da takensa, wato kiɗan da in an buga shi kowa ya san gidan da ake kira. Namu na ubana Babaji ne, shi ma gado ya yi. Makaɗin da ya rage ya san shi Ɗanliti ne kaɗai, abokina tun muna yawo ba wando. Ɗanliti kuwa yana da dokar da ya gada wajen nasa uban: in ya kira take sau uku a fili, ba wanda ya fito daga gidan ya taka, to ya ajiye shi ke nan har abada. Ina tsaye ya yi wa gidan marigayi Lado haka. Jikokin Lado suka bi shi har gida suna roƙo, ya ce shi ba ya yi wa kango kiɗa.

Ni kuma ɗa namiji ɗaya ya rage mani, Sada. Uwarsa Sabuwa ɗiyar malamai ce daga Gobarau. Yadda aka yi malamai suka ba mahauci ɗiya, wannan sai wanda ya gan ni ina saurayi zai gane. Tun Sada na shekara biyar nake tafiya da shi kwata, inda muke yanka. Can na koya mashi riƙon igiyar baya, wadda ake ɗaure wa sa a ƙafa. Abu huɗu ne, kullum sai na maimaita. Tuɓe takalmi kafin ka shiga, don kada santsi ya kwashe ka. Sassauta gwiwa. Kada ka harɗe ƙafa, ja ta hagu a ƙasa, ta dama ta biyo. Kada ka dubi ƙaho, dubi kafaɗa, ita ke faɗa maka inda zai juya. In ya yi kuskure in ɗalle mashi kunne.

Yana shekara tara Sabuwa ta rasu, wanta Malam Siddiq ya ɗauke shi don karatu. Wata rana malamin ya fito zaure ya tarar ana wucewa da kalangu, yaro na girgiza kafaɗa. Ya kwantar da shi ya zane mashi tafin ƙafa da tsumagiya, ya ce ƙafar da za ta tsaya sahun gaba ba ta bin makaɗi. Tun daga ranar, ko ganga ta faɗi kusa da Sada ba ya waiwaye. Ya yi karatu ya zama malamin firamare. Da aka buɗe siyasa ya tsaya kansila, mahauta suka fito kwansu da kwarkwata suka zaɓe shi. Sarkin Fawa ya ce ranar Asabar bayan an rantsar da shi za a yi mashi wasan kalangu a filin Ƙofar Durbi, bayan la'asar.

To ga inda gizo ke saƙa: gwiwata ta hagu. Tun daminar da ta wuce ta kumbura kamar tulu. Ban faɗa wa kowa ba. In zan tashi daga rumfa sai in jira kowa ya juya baya.

Ranar Talata Ɗanliti ya zo rumfata, ya ɗauki tsire ba da izini ba, kamar yadda ya saba shekara hamsin.

“Gwadabe, ran Asabar zan kira Babaji.”

“Kira shi mana. Halan ka ga na mutu?”

“Na ga kana tafiya kamar agwagwa.”

“Ƙaya na taka, tsohon banza. Ka dai ɗaure fatar kalangunka da kyau, kada in gajiyar da kai gaban mutane.”

Ya tauna nama, ya dube ni, bai yi dariya ba. “Sau uku ne fa. Ko kai ne ba na ƙarawa.”

Da ya tafi na kasa zama. Na wasa wuƙar da na riga na wasa. Na tashi na zauna. Na yi wa wata mata faɗa don ta taɓa hanta da yatsa, alhali kullum tana taɓawa. Kafin azahar na hau ɗan acaba sai gidan Sada. Na same shi a zaure yana gwada sababbin takalma sau-ciki, baƙaƙe masu igiya, suna ƙyalli.

“Sannu da zuwa, Baba. Ina wuni? Ya kasuwa?”

“Lafiya lau. Ya iyali, ya jama'a? Kansila, magana ce da ni.”

“Baba, ka daina ce mani kansila.”

“To me aka zaɓe ka, limami? Ran Asabar in an kira Babaji, fita za ka yi.”

Ya ajiye takalmin. “Ni? Rawa? Baba, Kawu Malam zai zo. Shugaban ƙaramar hukuma zai zo. Ɗalibaina na nan. Kuma ni ban iya ba, ban taɓa koya ba.”

“Jinin Babaji ba ya koyo.”

“Kai fa? Duk kasuwa an ce ka yi rantsuwa za ka tashi ƙura.”

Nan ne ya kamata in ɗage wando in nuna mashi gwiwar. Ɗana ne, ba baƙo ba. Amma bakina ya riga ni. Na ce, “Ni ai don in ba ka dama ne. In ba ka so, zauna kan kujera ka ga yadda maza ke yi.”

Kwanakin nan huɗu ban san ɗanɗanon abinci ba. Na shafa man shanu, na shafa man zafi, na sa wanzami ya yi mani ƙaho a ɓoye. In gari ya waye in rufe ɗaki in gwada juyi ɗaya, in ji kamar an soka mani tsinken tsire a cikin ƙashi. In zauna. In ce gobe za ta saki. In tuna jikokin Lado a ƙofar Ɗanliti. In sake tashi. Sau biyu na kama hanyar gidan Sada, sau biyu na juyo daga bakin lungu.

Asabar ta zo da hadari a gabas, iska na kaɗa rumfunan da aka kafa. Na ɗaure gwiwa da tsohon rawani tamau, na sa wando mai faɗi. Fili ya cika, mata a gefe guda, mahauta sun yi da'ira. A kujerun gaba ga Sada cikin farar babbar riga da takalman nan nasa, ga Malam Siddiq kusa da shi yana jan carbi, fuska kamar an kawo shi gidan makoki. Ɗanliti da mutanensa suka fara kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya. Ado na gidan Sarkin Fawa ya fita ya yi tasa, tsalle-tsalle dai irin na yaran yanzu, ba laifi.

Sai na ji Ɗanliti ya matse kalangu a hammata, muryar ta yi sama. Babaji.

Kira na farko na yunƙura, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Na yi kamar ina gyara hula. Ɗanliti ya kai ƙarshe ya tsaya. Mutane suka fara waige.

“Baba Gwadabe, ko sai an kawo sanda?” in ji Ado.

“Ubanka za a kawo ma sanda,” na ce, aka yi dariya.

Kira na biyu na dafa kafaɗar na kusa da ni na miƙe, na zubar da silifa, na shiga. Wallahi taku shidan farko, tsofaffin da ke wurin sun ga Gwadaben da suka sani. Mata suka rangaɗa guɗa. Na ja hagu, dama ta biyo, na sunkuya, na zo juyin da ake kammala take da shi. Nan gwiwar ta yi ƙara kamar an karya kara. Sai ga ni zaune a ƙasa, hula can, rawanin da na ɗaura ya warware ya leƙo ta ƙafar wando kowa na gani.

Wanda bai yi juyi ba bai amsa ba, kowa ya sani. Ɗanliti ya dube ni, idonsa ya yi ja. Ya ɗaga sandar kiɗa ya soma na uku. Na san ba zai fasa ba, kuma da ya fasa da na raina shi.

Na sa hannu biyu a ƙasa ina neman tashi. Ba wanda ya zo, don ba a shiga fili ana kiran taken wani gida. Sai na hango farar riga ta taso daga kujeru a guje. Sada ne, ya zo ya ɗauke ubansa, ba wani abu ba. Amma da ya iso bakin da'ira sai ya tsaya cak, ya taka dugadugin takalmin hagu da na dama, ya zare ƙafa, ya zare ɗayar, ko igiyar bai kwance ba. Bai san ya yi ba. Kunnen da na ɗalla shekara talatin da suka wuce ne ya yi.

A wajenmu kuwa, ɗan gida ya tuɓe takalmi a bakin fili ana kiran takensu, ya karɓi kira ke nan, saura juyi.

Wurin ya ɗauki ihu. “Ya karɓa! Kansila ya karɓa!” Ɗanliti ya yi tsalle kamar yaro, ya taho da kalangu har gabansa.

Sada ya sunkuyo kaina, ya kama hannuna. “Baba, tashi mu fita. Me suke cewa?”

“Cika ni. Ka tuɓe takalmi, ka karɓa. In ka fita ba juyi, Babaji ya tafi ke nan.”

“Baba, ban iya ba! Kawu na kallo.”

“Na sani. Ka ga Ɗanliti? Sa ne. Igiyar baya na hannunka.”

Ya dubi kujeru. Ya dube ni, ya dubi rawanin da ke jan ƙasa. Kiɗa ya wuce rabi.

“Sassauta gwiwa, ɗan nema!” na daka mashi tsawa. “Kafaɗa za ka duba!”

Ya naɗe hannun riga ya aza a kafaɗa. Ɗanliti ya karkata dama, Sada ya ja hagu a ƙasa, dama ta biyo. Ɗanliti ya kawo mashi kamar zai tunkuye shi, ya goce, ƙafa ba ta harɗe ba. Ya sake, ya sake gocewa. Ai rawar ke nan gaba ɗaya, ba wata. Kakanninmu a kwata suka samo ta, ni dai ban taɓa faɗa mashi ba. Da Ɗanliti ya zagaya bayansa, dole ya juya don kada sa ya same shi ta baya, rigar ta buɗe kamar laima, makaɗi ya sauka daidai kan bugun ƙarshe.

Ban ji guɗar ba sosai, don lokacin ina neman hulata, wani abu kuma ya shiga mani ido. Iska ce, ta hadarin nan.

Mutum huɗu suka ɗauke ni zuwa rumfa. Muna wucewa na ga Malam Siddiq tsaye a bakin da'ira, takalman Sada a hannunsa, ya ɗauke don kada a tattake. Ya miƙa mashi ba tare da ya dube shi ba.

“Sa abinka. Tsumagiyata ba ta kai inda ta ubanka ta kai ba.” Ya juyo gare ni. “Gwadabe, Allah ya shirye ka.”

“Amin, Malam, tare da ƙafata.”

Wata biyu Malam bai taka gidan Sada ba, sai da matar Sada ta haihu, ran suna ya zo ya yi addu'a. Sada ma kwana uku bai yi mani magana ba, ran na huɗu ya zo da mota ya kai ni asibiti, yana ta faɗa a hanya wai don me ban gaya mashi ba. Likita ya ce rawa ni da ita sai dai kallo. Shi ya sani, yaro ne.

Bayan babbar salla aka yi bikin ƙanwar Ado. Ina zaune da sandata, Ɗanliti ya kira Babaji. Kira ɗaya. Na ga Kansila ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi a hankali, ya jera su gefe guda.

Har yau akwai 'yan baƙin ciki a kasuwa masu cewa faɗuwa na yi ran nan. Ni da bijimi bai kayar ba? Zama na yi, don yaro ya samu wuri. Ɗanliti ne kaɗai ke dariya in na faɗi haka, shi kuwa tun muna yara ba shi da kunya.