Sunan da Inno Ba Ta Faɗa

Wani dare bayan sallar isha'i, mutanen unguwar Wulari suka ji wata irin ƙara daga ɗakin Malama Phoebe, kamar an zuba 'yan tsaki a tulu an rufe. Can sai 'yan tsakin suka yi tsit, muryar Inno ta fito sarai tana magana, alhali ga Inno zaune a tsakar gidanta tana shafa wa ƙafarta mai. Gumsu maƙwabciyarsu ta karanto addu'ar da ta iya, sannan ta leƙo ta kan zana.

Ba aljani ba ne. Rikoda ce, akwati mai faifai biyu da wani siririn zare launin ƙasa da ke haɗiye magana ya ajiye. In aka juya shi baya, zancen dattijai sai ya koma kukan 'yan tsaki.

Phoebe 'yar kudancin Borno ce, tana koya wa matan aure ɗinki da karatu don Allah. A farkon mulkin kai, ƙungiyarsu ta mata ta zaɓe ta ta je wani babban taron mata a ƙetaren teku. Abu guda take so ta roƙa: a koyar da ungozomomi a kai su ƙauyuka. Turancinta kuwa, da ya ga taro sai ya gudu ya bar ta. Shi ya sa ta aro rikodar, matan su faɗa da bakinsu.

Duk cikin muryoyin, ta Inno ce mai tsayar da numfashi. Inno Bakanuwa ce, matar Haruna baduku. 'Yarta ta fari, Lauratu, tana aure a wani ƙauye bayan Konduga. Naƙuda ta yi gardama, aka ɗoro ta a kan takarkari za a kawo ta gari, ta cika a hanya. Inno ta ba da labarin tsaf, har launin zanen da aka lulluɓe ta da shi. Amma duk inda sunan ya kamata ya fito, sai ta ɗan yi shiru ta wuce. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari.

Phoebe ta san wannan kunya, sai dai ta ɗauka mutuwa na ɗauke ta. Da safe ta shiga gidan Inno.

“Inno, mutanen can ba su san mu ba. In ba suna, za su ce tatsuniya ce. Sau ɗaya kawai ki faɗa.”

Inno ta dube ta. “Malama, tana raye ban kira ba. Sai yanzu da take kwance, a gaban baƙi? Maido mini muryata. Kwance ta daga zaren nan.”

Ana gobe Phoebe za ta hau motar Kano ke nan, inda za ta shiga jirgi. In babu muryar Inno, Phoebe ta san za ta tsaya gaban duniya da hannu wofi. Duk da haka da la'asar ta cire faifan, ta kai, ta ajiye a kan tabarma.

“Ga ta, Inno. Ni na yi wauta.”

Inno ta ɗauka ta jinjina. “Ashe duk abin da na faɗa bai fi goro nauyi ba.” Ta kara a kunne, ba ta ji komai ba. “Wannan ya fi ki kunya.”

Ta jima tana juya shi. Sannan ta ce, “Shirun nan da nake yi, yana ciki?”

“Yana ciki.”

“To kada ki taɓa shi. Ke kuwa ba ke kika haife ta ba. Bakinki ba a ɗaure yake ba.” Ta miƙa mata faifan.

A zauren taron, inda sanyi ke fitowa daga bango, Phoebe ta kunna rikodar, tafinta na bi a hankali. Da muryar Inno ta yi shirun nan a faifan, sai Phoebe ta sunkuya ta ce, “Lauratu.” Ta sake a shiru na gaba. Kafin labarin ya kai kan takarkarin, matan zauren, farare da baƙaƙe, sun fara tayawa, kowa da irin karkatar harshenta.

Da Phoebe ta dawo, ta ba da labari a tsakar gidan Inno. Inno ta juya fuskarta wajen bango, kamar yadda take yi a da in an ambaci sunan, amma ba ta tashi ba, kuma ba ta ce a bari ba.

Gumsu, da ke jingine da zana tun ɗazu, ta gyara mayafinta.

“To, su da suka ji sunan, yaushe za su aiko da ungozomar?”