Shafukan Malam a Cikin Tarkace

Ruwan sama ne ya cinye Alƙur'anin da Malam Abdulmuhaimin na Ƙofar Dumi ya rubuta da hannunsa. Rufin ɗaki ya yi yoyo daidai kan gafakar, takardu suka manne, tawada ta dame. Ga shi idanun malamin sun riga sun tafi, balle a ce ya sake ɗaukar alƙalami. Abin da ya rage kawai shi ne hotunan shafukan, waɗanda Sabitu mai hoto na Kasuwar Muda Lawal ya taɓa ɗauka ya zuba a kwamfutarsa.

To shi Sabitu, Allah Ya shirye shi, mutum ne da ba ya sanin an yi datti sai ya kai masa wuya. Wata manhaja ta shekara biyu tana haifar ƙananan fayiloli marasa amfani a foldar da hotunan suke, har suka haura miliyan shida. Kana taɓa foldar, kwamfuta sai ta sandare.

"Hajiya, goge komai zan yi bayan la'asar," ya ce wa Radiyya, 'yar malam. "Aiki ya tsaya min cak."

"Ba ni zuwa la'asar ɗin," in ji ta.

Radiyya rubuta manhaja ce sana'arta, ta kuma san ciwon. Umarnin da kowa ke amfani da shi wajen duba abin da ke cikin folda so yake ya kwaso sunayen duka, ya leƙa kowanne, ya jera su, kafin ya nuna ko guda ɗaya. Sai ta zagaye shi. Ta rubuta 'yan layuka da za su tambayi zuciyar tsarin kwamfutar kai tsaye, ta wani kira mai suna getdents. Kiran nan kamar mai awo yake: ka miƙa masa kwano ya cika maka da sunaye, ka juye ka sake miƙawa, har sai ya ce babu saura.

Kwanon farko tarkace. Na hamsin ma tarkace. Sabitu ya fara duba agogo, ita kuwa ta ci gaba da miƙa kwano, don ta san mahaifinta bai ƙara cin abincin kirki ba tun ranar ruwan. Sai wajen azahar sunayen hotuna suka fara ɓullowa, ɗaya nan, uku can. Ba ta tashi ba sai da kiran ya dawo da sifiri, wato babu saura. Ta kwashe hotunan tas.

Murnarta ba ta je ko'ina ba. Kiran ba ya jera komai, yadda ya tarar haka yake miƙowa, sunayen hotunan kuma lambobi ne barkatai da ba su bin juna. Shafi kusan dubu, a cakuɗe. Ta koma gida, ta durƙusa gaban mahaifinta a zaure ta faɗa masa.

Malam ya yi dariyar da aka kwana biyu ba a ji ba.

"Ke da karatunki! Mu da ba ma ɗinke takarda, kina tsammani iska ba ta taɓa watsa mana ita ba? Dubi ƙasan bayan kowace takarda, ta gefen hagu. Kalmar da ke nan, da ita ta gaba take farawa."

Ta duba, ga ta kuwa, 'yar mitsitsiya. Kwana tara suka yi, tana karanto kalma, yana ɗorawa da ka, tana nemo shafin. A shafi na ƙarshe ta tarar da layi biyu na ajami maimakon kalmar.

"Baba, wannan fa?"

"Karanta mana."

Ta karanta a hankali. Ya rubuta cewa ya kammala ranar Talata da hantsi, ana cikin sunan 'yarsa Radiyya, yana roƙon Allah Ya sa ta riƙe masa shi bayan ƙarfinsa ya ƙare.

Kuka ya ƙwace mata. Malam ya lalubo hannunta ya riƙe.

"To," ya ce, "a kawo min tuwo."