Ruwan Ƙasa Ya Yi Arewa

Tun da Hulusi ya faɗa ruwa da takalman roba har gwiwa, kudu ake nemansa. Can ruwan saman mashigin teku yake gudu, daga Baƙar Teku zuwa tekun Marmara, kuma can aka tsinci hularsa. Kowane masunci a Sarıyer ya san hula daban, mutum daban, amma ba mai faɗa a gaban tsohuwa mahaifiyarsa. Ita gawa kawai take so, a yi masa wanka a binne.

Yayansa Şevket ya shirya jirgi. Da safe ya cika kwando da duwatsu, ya ɗauki kawunsu Nazmi, suka fita tsakiyar mashigi ya kashe inji.

"Ɗaure kwandon da kyau, kai," in ji Nazmi. "Ɗaurin ubanka ke nan, kamar mai ɗaure akuyar aro."

"Sha shayinka, Kawu."

Ya saki igiya. Kwandon ya wuce ruwan da ke sama mai salam-salam, ya faɗa na ƙasa, mai gishiri da nauyi, wanda ba ya gauraya da na sama, hanyarsa ma daban. Igiyar ta miƙe. Jirgin ya tsaya cak, sannan ya fara ja arewa a hankali, ɓawon kankana da ledoji suna wuce su zuwa kudu.

Hanyar da Hulusi ya bi ke nan, tunda nauyin takalma ya kai shi ƙasa. Şevket ya jefa ƙugiya yana jan ƙasa. Ya ciro taya. Ya ciro guntun raga. Bai ji komai a ransa ba, sai sanyin hannu.

"Ko a raye ba ya zama inda aka ajiye shi," in ji Nazmi.

Ba wanda ya yi dariya.

Bayan azahar suka kai bakin Baƙar Teku. Ƙugiya ta daina taɓa ƙasa. Şevket ya ƙara igiya har ta ƙare, tana lilo.

"Daga nan sai gangara, ɗana. Abin da ya sauka can ba ya tasowa. Me zan gaya wa 'yar'uwata?"

Şevket ya naɗe igiyar a gwiwar hannu, ya tayar da inji.

"Ni zan gaya mata. Kai ka biya maƙabarta, ka ce su mayar da ƙasar kabarin da suka haƙa."